Masu suga da suka fara tattaki: yaushe kasalar ta sake ku?

Mai shagon waya: Salam 'yan uwa, likita ya ce sugana ya hau in riƙa tafiyar ƙafa, na fara bayan asuba amma wlh gajiya ce kawai ta ƙaru, kafin azahar ina gyangyaɗi a shago. Dan Allah haka kuka yi ko nawa jikin ne daban?

Maman 'yan biyu: Haka na yi Alhaji, farko ko bene zan hau sai na tsaya a tsakiya ina haki. Sai wajen wata guda na lura ina kai yara islamiyya in dawo ban nemi wurin zama ba. Suga kam tun da wuri ya fara sauka in na gwada bayan tattakin, kasalar ce ta daɗe.

Ɗalibin kimiyya: Hajiya abu biyu ne kika haɗa. Saukar suga nan take ne, da tsoka ta motsa wani furotin mai jigilar suga da ake kira GLUT4 zai fito bakin ƙwayar halitta ya shigar da suga ko da insulin ba ya aiki sosai. Ƙarfin jiki kuwa sai mitokondiriya sun ƙaru, su ne janaretocin cikin ƙwayar da ke ƙona suga da kitse su ba da ATP, wato makamashin da jiki ke aiki da shi. Duk tattakin da aka yi ana kunna ƙwayar gado mai suna PGC-1α, ita kuma ta taso wasu 'yan uwanta su NRF1 da TFAM a shiga ƙera sababbin mitokondiriya, amma kunnuwar ta 'yan awanni ce sai ta lafa, shi ya sa sai an yi ta maimaitawa makonni kafin a ji a jiki.  Tun 1967 John Holloszy ya ga wannan ƙaruwar a tsokar ɓerayen da ya sa gudu a Amurka.

Direban tirela: To ni na kai inda nake jin daɗin jikina sosai, sai lodin Legas ya yi yawa na daina, kullum zaune a mota. Da na dawo tattakin kamar ban taɓa yi ba, har haushi na ji.

Ɗalibin kimiyya: Haka yake Oga, in tsoka ta daina nema jiki rage mitokondiriyan yake yi cikin 'yan makonni.

Anti nas: Masu allurar insulin ko shan maganin suga glibenclamide ku yi hattara, wata majinyaciyata ta fita ba ta karya ba jiri ya kwashe ta a hanya. A sa dabino ko alawa a aljihu, a duba tafin ƙafa in an dawo, kuma kar wanda ya ajiye maganinsa don ya ga suga ya sauka sai likita ya ce.

Mai shagon waya: Metformin kaɗai nake sha Anti, shi ma haka ne?

Anti nas: Shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga haka ba. Ka ci gaba, in gyangyaɗin bai ragu ba ka je a duba maka yawan jini.