Taƙaitawar mahawararmu kan hulɗar ƙasashe da kula da tsofaffi

1. Akasarinmu sun yarda mai bincike ya fara da Shirin Madrid na 2002 (tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsufa da tsofaffi), sannan ya bi sawun ma'aikatan jinya da ke ƙaura zuwa wasu ƙasashe. Misalin da aka fi kawowa shi ne Japan, wadda ta soma ɗaukar masu jinya daga Indonesiya a 2008, daga Filifin a 2009.

2. An rabu kan amfanin wannan hijira. Wasu sun ce kuɗin da ake turowa gida yana rufa asiri. Wasu sun ce ƙasashen da ake ɗiba daga cikinsu ana barin nasu tsofaffin ba mai dubawa, kuma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta fitar a 2010 kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga wasu ƙasashe ba ta tilasta wa kowa. Ni nan na fi karkata.

3. A riƙa jin ta bakin tsofaffin kansu.