Tarakta da motar ɗaukar kaya: injin fetur ko na gazuwal?

Manomin Matamaye:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙungiyarmu ta manoma tana shirin sayen tarakta ta hannu kafin damina ta faɗi, tare da ƙaramar motar ɗaukar kaya wadda za ta riƙa kai rake da wake Kasuwar Dole a Damagaram. Kawunanmu sun rabu: wasu sun nace a kan injin fetur domin ya fi arha wajen saye kuma kowane bakanike ya san shi, wasu kuma sun ce sai gazuwal, wato man dizal. Kuɗin nan na jama'a ne, shi ya sa muke neman shawarar masu sani.

Bakaniken Sabon Gari:
Wa'alaikumus salam Malam. A batun tarakta babu gardama, ku sayi ta gazuwal. Injin gazuwal ba ya amfani da buji, wato fulogin da ke ba da tartsatsin kunna fetur. Yana matse iska ninki 16 zuwa 20 har ta yi zafin da zai kunna man da kanta, alhali na fetur ba ya wuce ninki 8 zuwa 12 galibi. Wannan matsi ne ke ba shi ƙarfin ja tun injin yana juyawa a hankali, kuma abin da garma ke bukata ke nan idan ta nutse cikin ƙasar fadama mai laka. Ga shi litar gazuwal ta fi ta fetur kai wa nesa, injin kuma an ƙera shi da ƙarfe mai kauri, yana jure aikin yini guda. Tsoffin taraktocin Ferguson da suka fara fitowa a 1946 da fetur suke aiki, amma Massey Ferguson da kuke gani a gonakinmu yau yawancinsu injin Perkins na gazuwal ke cikinsu, kuma ana samun kayan gyaransu cikin sauƙi a Kano.

Direban Hanyar Tanut:
Na yarda da maigida a kan tarakta, amma a kan motar ina da ja. Daga Matamaye zuwa Damagaram bai kai kilomita 100 ba, kuma kwalta ce. Idan motar za ta yi aiki lokacin kaka da na rake kawai, sauran watanni tana ajiye, ragin man da gazuwal zai kawo muku ba zai cike tazarar farashin saye da tsadar gyara da wuri ba. Mu masu bin hanyar Agadas da kaya niƙi-niƙi dole ne mu riƙe gazuwal. Ku fa lissafinku daban ne.

Bakaniken Sabon Gari:
Maganarka tana kan hanya, ɗan'uwa. Sai dai abin da ya fi damuna shi ne tsabtar mai. Matatar man SORAZ tana tace ɗanyen man rijiyoyin Agadem tun 2011, tana fitar da fetur da gazuwal a nan kusa da mu, don haka ba ku da hujjar zuba wa tarakta man kwalba na bakin hanya. An taɓa kawo mini famfon injekta, wato famfon da ke tura gazuwal cikin inji, daga wani ƙauye. Da na buɗe shi sai ga tsatsa ja da ɗigon ruwa a ciki, ƙwayoyin injekta duka huɗu sun ci, kuma gyaransu ya cinye ribar noman masu shi ta wannan shekarar. Injin fetur yana iya yin tari ya wuce irin wannan, na gazuwal ba ya yafewa. Ku riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filtar man taraktar kowace safiya, ku kuma kakkaɓe matatar iska kullum lokacin hunturu, domin ƙurar nan ita ke cinye zoben fistan.

Manomin Matamaye:
Mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa taronmu cewa tarakta ta gazuwal, mota kuma ta fetur. Maigida, idan mun sami taraktar, za ka iya zuwa ka duba mana hayaƙinta da famfonta kafin mu biya?