Neman shawara: duhun Disamba da gayyatar maƙwabciya a Birmingham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar Argungu ce, bana na biyo maigidana Birmingham a Ingila, yana karatun digiri na biyu, yana kuma taɓa aikin kula da tsofaffi. Tun da aka mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba na rasa gane kaina. Kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, in na ɗauko yara daga makaranta duhu ke rako mu gida. Jikina ba ƙwari, wani lokaci in zauna in yi ta kuka ba wanda ya taɓa ni. Ga makaranta za ta ba da hutun mako biyu, maigida kuma ya ce zai ƙara aiki. Sannan maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya mai kirki, ta gayyace mu cin abincin rana ranar Kirsimeti, na rasa amsar da zan ba ta. Waɗanda suka riga mu zama, yaya kuke yi?

'Yar Birnin Kebbi a Manchester: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Kusan kowa sai da ya ɗanɗana wannan kasalar a shekarar farko, rashin rana ne. Hukumar lafiyarsu, NHS, tana ba da shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, mu masu baƙar fata kuwa duk shekara, don ranar ƙasar ba ta isar fatarmu. Kantin magani za ki saya, ba sai da takardar likita ba. Kuma ki daina jiran rana ta fito kafin ki fita, ba za ta fito ba. Tsakanin sha ɗaya da ƙarfe ɗaya ki sa rigar sanyi ki zagaya unguwa ko da hadari ya rufe. Kukan nan in ya ci gaba, ki je wurin likitan da kuka yi rajista, ki gaya masa gaskiya, kar ki ce masa lafiya lau irin namu na gida. Daga wajen 21 ga Disamba yini zai fara ƙaruwa, amma a hankali.

Hajiya daga Gwandu: Ɗiyata Allah shi kawo sauƙi. Mu ma nan hunturu ya kama, hazo ya ruhe gari. Ki hura garwashi a kasko ki aje cikin ɗaki, ki dama kunu mai yaji, ki riƙa kiranmu da dare.

Ɗan Jega a Leeds: Hajiya a gafarce ni, kunun da kiran waya na yarda, amma kasko a'a. Gidajen Ingila a toshe suke ruf, gawayi yana fitar da iskar guba marar wari, mutum yana barci sai dai a wayi gari. 'Yar uwa, ko wutar murhun girki kar ki kunna don ɗumama ɗaki. Ki sayi robar ruwan zafi ta sawa cikin bargo, ki sa wa yara tufa kan tufa, da safe ki ɗan buɗe taga don kada bango ya yi funfuna. Sai sayayya: ki gama ta kafin 24 ga wata. Ranar 25 doka ta hana manyan kantuna buɗewa, jirgin ƙasa ba ya tafiya, bas ma kusan babu. Naman halal ki je unguwar Alum Rock ko Small Heath a nan Birmingham ɗinku ki cika firij. Ranar 26 ake karya farashi, nan za ki samu rigunan sanyin yara da sauƙi. Maigida kuma ya tambayi jami'arsa ranakun hutunta a rubuce, don aikin awa 20 a mako bizar ɗalibi ta yarda lokacin karatu, sai an shiga hutu ake wuce haka.

Malam daga Yauri: Ki lura da salla, lokutan sun matse, azahar wajen sha biyu, kafin ki juya la'asar ta shiga. In akwai ramuwar azumi a kanki, yanzu ne garaɓasa, daga alfijir zuwa buɗe baki kusan awa goma ne. Batun gayyata ni dai ina ganin ki ba ta haƙuri ranar, ki kai mata abinci wata rana daban. Haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi ba.

'Yar Zuru a Coventry: Malam da girmanka, mu a Zuru tare muka tashi, Kirsimeti a aiko mana shinkafa, Sallah mu aika nama, ba wanda addininsa ya girgiza. Tsohuwar nan wataƙila 'ya'yanta sun yi nisa, kaɗaici ne ya sa ta kira ki, kema shi ke damunki. In za ki je, ki gaya mata tun yanzu ba kwa cin alade, ba kwa shan giya, naman ma sai halal. Ki yi hattara da kayan zaƙinsu na wannan lokaci, wasu da barasa ake haɗa su, alewar yara kuma wata da sinadarin alade. Ba sa jin haushin tambaya. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki bi ta Malam.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun yi magana da maigida, ya ce mu leƙa da yamma mu gaishe ta bayan sun gama cin abinci. Ina so in kai mata masa, na zo da tandata. Wace shinkafa ce a nan take yin kamar ta tuwo?

'Yar Birnin Kebbi a Manchester: Ki nemi mai gajeren ƙwaya wadda suke dafawa da madara da sukari, tana nan a kowane babban kanti. Ki jiƙa ta tun dare, ƙullun kuma ki ajiye shi kusa da na'urar ɗumama ɗaki, in ba haka ba sanyi ba zai bar shi ya tashi ba.