Makami mai linzami a wasana na Unity ya ƙi samun jirgi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka, kwana huɗu ke nan abin nan ya hana ni barci.

Ina haɗa ɗan wasan jiragen yaƙi a Unity, manhajar haɗa wasanni, da yaren C#. Da farko na sa makamin ya riƙa fuskantar inda jirgin yake a kowane FixedUpdate, wato kowane takin da Unity ke lissafa motsi, sai ya zama jela, yana ta bin baya yana zagaye. Na koma lissafa inda jirgin zai kai kafin makamin ya iso. Wannan ya yi aiki in jirgin na tafiya a miƙe, amma in ya fi makamin gudu sai NaN ya fito, wato lissafin bai ba da lamba ba, makamin ya ɓace ɓat.

Yanzu proportional navigation nake gwadawa, wato makamin ya riƙa juyawa daidai da saurin sauyawar kusurwar da yake hango jirgin, ninki N, na sa N a 3. Daga nesa lafiya lau, amma in saura kamar mita 20 sai makamin ya hau karkarwa hagu da dama, ya wuce fuu. Gudunsa mita 300 a daƙiƙa, wato mita 6 a kowane taki na daƙiƙa 0.02. Tsallake collider ɗin jirgin, wato abin da ke gane karo, yake yi, ko kuwa lissafin kusurwar ne ke haukacewa in sun matso kusa? Wanda ya taɓa warware wannan ya nuna min ta inda zan fara.