Filash ya ƙi fitowa a kwamfuta: abin da kowa ya gani da yadda ya ɓullo masa

Ɗaliba daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda irin wannan ya taɓa faruwa da su su faɗa mini yadda suka yi. Filash ɗin da nake ajiye kundin bincikena a ciki ya daina fitowa a laftaf ɗina mai Windows 10. Idan na soka shi ina jin ƙarar nan da kwamfuta take yi idan ta karɓi sabon abu, fitilarsa ma tana kamawa, amma idan na buɗe This PC ba na ganin komai sai C kaɗai, wato faifan cikin kwamfutar. Wata ƙawata ta ce in yi masa fomatin, wato in share komai a sake tsara shi, ni kuwa akwai babi uku a ciki waɗanda ba ni da su a ko'ina.

Mai gyaran kwamfuta daga Kano:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki kuskura ki yi fomatin tukuna. Duk wanda ya kawo mini filash shago, abin da nake fara tambayarsa shi ne ko ya ji wannan ƙarar, domin ita ce take raba matsalar gida biyu. Idan babu ƙara kuma babu fitila, to ko dai ramin USB ɗin ya mutu, ko kuma bakin filash ɗin ya tsinke daga ciki. Idan kuwa akwai ƙara kamar naki, kwamfutar ta san an soka mata abu, abin da ya rage shi ne a gano dalilin da ya hana ta nuna shi.

Ki danna maɓallin Windows tare da X, ki zaɓi Disk Management, ki duba ƙasan shafin ko za ki ga wani faifai da aka rubuta Removable a gefensa tare da girmansa. Da yawa daga cikin masu zuwa mini da irin naki, filash ɗinsu lafiyarsa ƙalau, harafi ne kawai bai samu ba, wato irin C ɗin nan da Windows take bai wa kowane faifai a matsayin suna, kuma abin da ba shi da harafi ba ya fitowa a This PC. Sai ki danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kansa, ki zaɓi Change Drive Letter and Paths, ki ba shi harafin da ba a amfani da shi. Amma idan kika ga an rubuta RAW, tsarin fayilolin ne ya lalace, galibi saboda an zare shi ana cikin kwafa ko wuta ta ɗauke. A nan ne Windows take nacewa a yi fomatin, alhali fayilolin suna nan kwance. Ni da wata manhajar dawo da fayiloli mai suna PhotoRec nake fito da su, kyauta ce, sai dai ba ta dawo da sunayensu na asali, kuma dole a zuba abin da ta ciro a kan kwamfuta, ba a kan filash ɗin ba.

Sakatare daga Katsina:

Ni nawa ya bambanta da na 'yar'uwa, domin ko ƙarar ban ji ba. Kwamfutar tebur ce ta ofis, kuma kullum a ramukan gaba nake sokawa. Da na zagaya na soka a baya, nan take ya fito. Wanda ya buɗe akwatin daga baya ya nuna mini cewa ramukan baya a jikin babban allon kwamfutar suke, na gaba kuwa da wata siririyar waya aka haɗo su, ita ce ta sassauta, ga kuma ƙurar hunturu da ta cika ramin har ta dunƙule. Ya kamata ma'aikata su sani kuma cewa wasu ofisoshi da gangan suke toshe filash saboda tsoron bairos, saboda haka idan yana aiki a gida ya ƙi a ofis, a fara tambayar masu kula da kwamfutocin wurin.

Malamar makaranta daga Maraɗi:

Yayana ya aiko mini hotunan biki daga Faransa a cikin filash, kwamfutata ta yi ƙara amma ba ta buɗe shi ba. Tamu da Faransanci take, saboda haka abin da Malam ya kira Disk Management mu Gestion des disques muke gani, kuma a can na same shi da cikakken girmansa. Ashe a MacBook, kwamfutar kamfanin Apple, ya shirya shi da tsarin ajiye fayiloli na APFS, wanda Windows ba ta karantawa da kanta. Wani maƙwabcinmu mai MacBook ya kwashe hotunan, sannan ya mayar da filash ɗin tsarin exFAT, wanda Windows da MacBook duka suke karantawa. Abin da ya biyo baya shi ne rediyon motar maigidana ya daina ganinsa, domin tsoho ne, tsohon tsarin nan na FAT32 kaɗai ya sani, shi kuma FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4.

Mai bizines senta daga Kaduna:

Malam mai gyara ya yi bayani mai kyau, amma a ganina ya sassauta wa filash ɗin da yawa. Waɗanda suke wucewa ta hannuna kullum, na ɗalibai da masu buga takardun neman aiki, da yawansu jabu ne da aka saya a bakin titi da araha. Za ka ga an rubuta gigabait 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8 ba. Yana cika sai fayiloli su fara lalacewa, wata rana kuma ya nuna No Media da girman sifili. Wanda ya kai nan ban taɓa ganin harafi ko PhotoRec sun tashe shi ba. Shi ya sa duk sabon da na saya sai na gwada shi da H2testw, manhajar da take auna ainihin girman filash, kafin in zuba komai. Idan kuma saƙon USB Device Not Recognized ya fito, nakan shiga Device Manager, inda Windows take jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, in cire abin da yake da alamar rawaya daga jerin, in kashe kwamfutar gaba ɗaya, in kunna, in sake sokawa. Idan saƙon ya maimaita kansa a wata kwamfutar daban, laifin na filash ɗin ne.

Ɗaliba daga Zariya:

Allah ya saka muku da alheri. Na same shi a Disk Management da girmansa daidai, ba shi da harafi, na ba shi G ya buɗe, kuma na riga na tura babin uku zuwa imel ɗina.

Mai gyaran kwamfuta daga Kano:

Madalla, ƙanwata. Alhaji mai bizines senta kuma ban musa maka zancen jabu ba, sai dai ba duk wanda ya yi shiru ba ne ya mutu. An taɓa kawo mini wani da aka lanƙwasa yana jikin laftaf, ba ƙara ba fitila. Da na fasa robar na tarar ƙafafu biyu daga cikin huɗun da suka riƙe bakinsa sun ɗago daga allon, na mayar da su da dalma, ya kama har muka kwashe komai. Ƙananan nan masu siffar farce ne ba na karɓa, domin komai nasu a dunƙule yake cikin baƙin abu guda, babu inda za a ɗora dalma.