Da kuka shiga unguwa auna fili, yaya jama'a suka karɓe ku?

Sadiya, aji huɗu: Assalamu alaikum yayyena 'yan zanen gine-gine da tsara fili. Wannan zangon an ba rukuninmu wani kududdufi a cikin birnin Zariya, ta wajen Ƙofar Kuyanbana. An ce mu tsara shi ya zama wurin hutawa na unguwa, ya riƙe ruwan damina kuma kada ya ci gidajen mutane. Hoton wurin mun sauke daga Google Earth, amma ƙafarmu ba ta taka ba tukuna. Waɗanda suka taɓa shiga unguwa da tef na awo da kyamara, don Allah ku ba mu labari.

Bashir Samaru: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin tef, mai unguwa. Ku karɓi takarda daga sashenku, ku je ku gaishe shi, ku faɗa masa ku ɗalibai ne. Mu a Tudun Wada muka yi namu, aikin kasuwar unguwa. Muna ja tef ke nan wani mai shayi ya bar tukunyarsa ya taho yana tambaya ko mu ne 'yan rusau. Kafin mu gama bayani an kewaye mu. Da mai unguwa ya haɗa mu da wani ɗansa, shi ke nan, har benci aka kawo mana. Kuma ku bar rigar nan mai ƙyalli ta 'yan aikin titi a ɗaki, ita ce ke ta da hankalin mutane.

Maman Haidar: Sadiya, ke kina da abin da mazan rukuninku ba su da shi: kina iya shiga gida. Su iyakarsu zaure. Lokacin da muka yi aikin wani kududdufi kusa da Ƙofar Doka, maza suka tsaya a bakin ruwa suna auna faɗi, ni kuma na yi sallama gidan da bayansa ke kallon ramin. Wata dattijuwa na tarar tana tankaɗe. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ba ta ce komai ba, ta ja hannuna zuwa bayan madafi ta nuna mini bango. Akwai wani layi baƙi-baƙi a jiki, ya kai mini gwiwa, ƙasansa duk yaɓe ya zube. Ta ce, "'Yar nan, nan ruwan Agusta yake tsayawa. Da can bai taɓa wuce dokin ƙofa ba, sai da aka cike gefen can aka yi shaguna."

Wannan layin shi muka ɗauka ma'aunin duk aikin. Kujerun da za mu sa a bakin ruwa muka janye su baya, muka ɗaga hanyar ƙafa sama da layin. Ta kuma gaya mini abin da babu taswirar da za ta nuna: matan gidajen ba wurin zama suke nema a waje ba, damuwarsu yara, don duk damina zuciyarsu na bakin ruwan. Da aka zo ranar juri, wato ranar da malamai ke tantance aikin ɗalibai, hoton bangon nan ne aka fi tsayawa a kai, ya fi duk zanen da muka kwana muna gyarawa a manhajar zane ta SketchUp. Ki tafi da hijabi wadatacce, ki zauna idan an shimfiɗa miki tabarma, kada ki ɗauki hoton kowa sai kin nemi izini.

Ɗan Kongo: Ku tambayi mai wurin. Kududdufi kamar ba na kowa ba ne, amma ka kafa turke ka gani.

Malam Nura, mai tsara fili: Gaskiyar Ɗan Kongo. Yawancin ramukan nan daga nan aka haƙi ƙasar tubalin da aka gina unguwar, shi ya sa kowane yana da gidan da ke cewa na kakanninsa ne. Daga baya suka zama matattarar ruwan indararo da na lambatu. Sadiya, ku yi lissafin nan a gaban dattawa, yana shiga kunne: Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana zubo lita kusan 100,000. Ku ƙirga rufin da ke gangarowa ramin. Wani dattijo da na yi wa wannan lissafin cewa ya yi, to in an cike da bola ruwan ina za shi? Ya amsa wa kansa: ɗakinmu.

Aliyu Kofar Gayan: Ni ɗan cikin gari ne, bari in faɗi ta ɗaya ɓangaren. Kusan kowace shekara ɗalibai na zuwa unguwarmu, a ba su ruwa, a buɗe musu soro, su auna su tafi. Tsofaffi da yawa sun ɗauka aikin za a zo a yi da gaske. Har yau kawuna yana tambayata ina magudanar da yaran nan suka zana. Da na zo nawa aikin, tun a zaure na ce wannan jarrabawa ce, babu kwangila a bayanta. Wasu sun yi sanyi, amma babu wanda ya kore ni. Bayan juri na buga zanen a babbar takarda na kai wa mai unguwa. Ku ma ku yi haka, kuɗin bugawar bai kai na kwalin modal (ƙaramin samfurin gini) ba.

Maman Haidar: Aliyu, Allah ya yi maka albarka, wannan magana ce.

Bashir Samaru: In za ku sa rumfa ko ɗan zaure a tsarin, ku nemi tsohon magini ku zauna da shi. Wanda muka samu ya tambaye mu ko mun shiga tsohon Masallacin Juma'a mun ga bakan gizon rufin (ginshiƙan ƙasa masu lanƙwasa) da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure tun shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Rabinmu ba su taɓa ba. Shi ya nuna mana yadda ake jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, da yadda ake haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa don kare bango daga ruwa. Ya ce bangon ƙasa a bakin kududdufi sai da gindin dutse, in ba haka ba damina biyu ya zauna.

Hauwa, tsara lambu: A kan itatuwa kuma, mutanen unguwa sun fi littafi sani. Mun so jera maɗaci, wani mai gadi ya ce za a ɓare ɓawonsa kaf don magani kafin ya girma. Mangwaro kuwa jifa, rufin maƙwabta ne zai sha. Tsamiya da dogonyaro suka zaɓa, da gawo a can gefe, tunda shi da rani yake ganye, lokacin da ake neman inuwa. Kowace bishiya ku zana mata keji a cikin tsarin ku sa kuɗinsa a lissafi, saboda awaki.

Sadiya, aji huɗu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Takardar sashe za mu karɓa ranar Litinin. Yaya Aliyu, wane lokaci ya fi dacewa a samu mai unguwa a gida?

Aliyu Kofar Gayan: Bayan La'asar, ban da Juma'a. Maza biyu su fara shiga, ku tafi da goro.