A ina kalmar dump ta taɓa rikita ku?

Malamar Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya wata ɗalibata ta zo mini da jarida, ta ɗora yatsa a kan wani kanun labari, Senator dumps PDP for APC. Ta ce, "Malama, ba ke kika ce mana dump zubar da shara ba ne? Ta yaya sanata zai zubar da jam'iyya?" Na ce mata sauya sheƙa ake nufi. Amma abin ya tsaya mini a rai, don ma'ana ɗaya muke ba yaran nan, jarrabawa ta zo musu da wata. Ina so in haɗa musu darasi daga bakin waɗanda suka gamu da kalmar a wurin sana'arsu. Don Allah kowa ya faɗi nasa.

Direban Tifa:
Wa alaikumus salam, Malama. Farkon zuwana aikin gini a Abuja na kawo yashi cike da mota, injiniya ya leƙa ya ce dump it. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zaci ya raina kayan ne, cewa yake in kai juji. Wani lebura ne ya ce mini juyewa kawai ake nufi. Motar ma da muke ce wa tifa, Amurkawa dump truck suke ce mata. Kin ga nan babu shara, kayan kuɗi ne.

Baban Agege:
'Yata, ni kalmar nan ba ta barina in manta ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002. Ina shagona da yamma muka ji ƙara kamar ƙasa za ta tsage, wata na bin wata. Kowa ya ɗauka juyin mulki ne ko yaƙi, aka yi ta gudu ba a san inda aka nufa ba. Daga baya muka ji ana cewa ammunition dump na barikin Ikeja ne ya kama da wuta. Ni da ɗan Turancin da na tsinta a kasuwa, na ɗauka wurin da sojoji ke watsar da lalatattun makamai ne, har nake cewa don me za a zubar da bom a tsakiyar gari. Wani maƙwabcina tsohon soja ya ce a'a Alhaji, rumbun ajiyar makamai ne. Sama da mutum 1,000 suka rasu, da yawansu mata da yara da suka faɗa magudanar ruwan Oke-Afa cikin duhu. Allah Ya ji ƙansu.

Malamar Zariya:
Amin, Baba. Wato kalma ɗaya, nan zubarwa, can adanawa.

Ɗan Farm Centre:
Haka yake a wurinmu masu gyara. Wata Hajiya ta kawo kwamfutarta hankali tashe, allon ya yi shuɗi ya rubuta dumping physical memory, ta ɗauka hotunan bikin 'yarta sun tafi. Alhali na'urar kwafe abin da ke ƙwaƙwalwarta take yi cikin fayil don mai gyara ya gano matsalar. Babu abin da ya ɓace. A ganina, Malama, ki ba su kalmar jibgewa: a sauke abu gaba ɗaya a wuri guda. Ko photo dump da matasa ke yi a Instagram, jibge hotuna ne.

'Yar Kakuri:
Jibgewar ta yi, amma ba ta ɗauko zafin ba. Mahaifina ya yi shekaru a wata masaƙa a Kaduna, kuma a bakinsa na fara jin dumping, lokacin da aiki ya fara tsayawa. Ma'anarta a kasuwanci, wata ƙasa ta kawo muku kaya a farashin da bai kai wanda take sayarwa a gida ba, har masana'antunku su kasa gogayya. Dokokin WTO, ƙungiyar ciniki ta duniya, sun yarda a ɗora wa irin waɗannan kaya ƙarin haraji. Ban ce shi kaɗai ya kashe masaƙu ba, akwai fasa-ƙwauri da rashin wuta. Amma Baba ya kan ce an mai da mu juji. Haka aka yi a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988, da aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a filin wani mutum. Bayan nan ne aka kafa FEPA, hukumar kare muhalli ta tarayya.

Nas a Ingila:
Anti, ki gargaɗe su a kan uku. Wata tsohuwa da nake jinya ta ce mini tana down in the dumps, na rasa me take nufi, ashe damuwa ce ta kaɗaici ke cin ta. Na biyu, take a dump zagayawa ne, kuma magana ce ta rashin ladabi, kada su faɗe ta gaban manya. Idan kuma yarinya ta ce he dumped me, saurayi ne ya yar da ita, lallashi take bukata.

Malamar Zariya:
Na gode muku duka. Ranar Litinin zan fara da tifar Malam Direba. Baba, ka yarda in karanta musu labarinka yadda ka rubuta shi?

Baban Agege:
Karanta musu, 'yata. Ki ce su yi wa mutanen Oke-Afa addu'a.